Shawara Ga Mai Son Mai Da Ƙaramar Kwamfuta Taskar Fina-finai

Duk wanda ya mallaki ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, yana kuma nufin ya mai da ita taskar fina-finai da karatuttukan malamai, wadda talabijin da wayoyin gida za su riƙa ɗiba daga gare ta, lalle ne ya fahimci cewa aika fayil abu ne mai sauƙi, amma sauya masa siga nan take, domin na'urar da ta kasa karanta shi, shi ne yake cinye ƙarfin kwamfutar har ta ɗau zafi, hoto ya dinga tsayawa.

Bisa wannan hujja, a ganina manhajar MiniDLNA, wadda ake kira ReadyMedia, ita ce mafi dacewa, domin ba ta sauya komai, tana miƙa fayil yadda yake ga duk talabijin mai fahimtar tsarin DLNA, ƙwaƙwalwar da take ci kuwa kaɗan ce ƙwarai; aibinta kawai rashin ado. Jellyfin, wadda aka tsago daga manhajar Emby a 2018, kyauta ce, ga kyan fuska, sai dai tana da nauyi, ba ta zama lafiya a kan Pi 4 sai an hana ta sauya siga. Plex tana neman rajista ta intanet. Mai son sauti zalla kuwa, Navidrome ta wadatar da shi.

Ya mai karatu, ka adana fina-finanka a tsarin H.264, wanda kusan kowace na'ura take karantawa, ka haɗa kwamfutar da kebul maimakon Wi-Fi, sannan ka fara da MiniDLNA.