DARASI: TSAKANIN SHAHO DA KANARI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka dubi tsuntsaye biyun nan da ka sani. Shaho an ba shi baki mai lanƙwasa, da farata masu kaifi, da ido mai hango ɗan tsako tun daga sama. Akwai irinsa wanda in ya sulalo kan abin farauta, saurinsa yakan wuce kilomita 300 a awa guda. Kanari kuwa ko tafin hannu bai cika ba. Bakinsa gajere ne, na fasa ƙwayar gero da ta ciyawa. Ba shi da makami, sai murya.

To, yaya Shari'a ta dubi kowannensu?

Na farko, shaho. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta ta kamo maka, malamai kuma suka sanya shaho a cikin hukuncin. Amma fa da sharaɗi: ya zama horarre, in an sake shi ya tafi, in an kira shi ya dawo, a kuma ambaci sunan Allah lokacin sakinsa. Shahon daji in ya kashe kazarka, mushe ya bar maka. Ka gani ke nan, ƙarfin ɗaya ne, horo ne ya raba su.

Na biyu, ƙaramin tsuntsu. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa guda biyu. Uwar ta zo tana ta karkaɗa fikafikai. Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya kuma yi umurni a mayar mata da su. Rauninta bai zubar mata da haƙƙi ba.

Saboda haka ka auna kanka. Ƙarfin samartakar da kake ji da shi, yana jin kira in an ce tsaya, ko kuwa na shahon daji ne? Wanda ya saba harbe tsuntsu da danƙo don wasa kawai, ko ya kulle kanari a keji ba ruwa ba tsaba, ya fara koyon zaluntar wanda ba ya iya ramawa. Yau tsuntsu ne, gobe ƙanensa ne, jibi matarsa.

Allah Ya sa ƙarfinmu ya zama mai jin kira, amin.