Madubin Tsarabar Makka da Hotuna Masu Zurfi: Shawarwari ga Masu Gida

A gidaje da dama na Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Gesheme, in aka zazzage adakar tsohuwar Hajiya akan tarar da ɗan madubin roba da aka zo da shi tsaraba daga Makka, wanda ake leƙawa a ga Ka'aba da Masallacin Annabi. Yara na wurgi da shi, manya na cewa zamaninsa ya wuce tunda ga salula. Ni dai ina ganin kayan gado ne, kuma dabarar da ke cikinsa har yau tana da amfani.

1. Fara da ƙirga ramukan leƙawa. Mai rami ɗaya, wanda aka yi shi da siffar ƴar kyamara, hoto ne shimfiɗaɗɗe kawai da gilashi ya ƙara masa girma. Mai rami biyu shi ke iya ba da zurfi, domin kowane ido da nasa hoton. Tsakanin idanun babban mutum akwai kamar santimita 6 da rabi, saboda haka abin da na dama ke gani ya ɗan bambanta da na hagu, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su ta gane na kusa da na nesa. Wani Bature ɗan Ingila, Charles Wheatstone, shi ya bayyana wannan a 1838. Gwaji mai sauƙi: leƙa, ka rufe ido ɗaya. In mutanen da ke ɗawafi suka manne da bango, ka buɗe suka sake fitowa gaba, to naka na ainihi ne.

2. Kowane irin hoto da madubinsa, kada a tilasta. Iri uku aka fi samu. Akwai faifan kwali mai zagaye na View-Master, wanda ya fito a Amurka a 1939: ƙananan hotuna 14 ne a jikinsa, wato kallo 7, ana danna ɗan hannu ya juya. Shi ya fi araha, ya fi jure hannun yara, sai dai hotunan ƙanana ne ƙwarai, fuskar mutum daga nesa ba ta fita sosai. Akwai na kyamarar Stereo Realist ta 1947, hotuna biyu na fim a jere cikin firam mai tsawon kamar santimita 10. Kowane hoto ya kai milimita 23 da 24, ya ninka na faifai sau da yawa, shi ya sa ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma madubinsa kan nemi batir, kuma samunsa a nan sai an dace. Na uku katin takarda ne irin na kafin 1900, mai tsawon kamar santimita 18, da ake sa wa a madubin katako. Faifai ba ya shiga madubin firam, firam ba ya shiga na kati. Wanda ya tura da ƙarfi, fim ɗin zai karce, karcewar fim kuwa ba ta da magani.

3. In za ku saya wa yara, ku sayi madubi tare da faifansa, ku gwada a gaban mai kaya kafin ku biya.

4. Ajiya ita ce babbar magana a ƙasarmu. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwanon rufi, kuma zafi da haske su ke cinye launin fim har shuɗin sama ya koma ja-ja. Hunturu ya zo da ƙura mai laushi da ke shiga kowace kafa, damina ta zo da raɓa da fumfuna, gara kuma ba ta ƙin kwali. A sa kowane faifai cikin takardarsa, a zuba a gwangwani mai murfi, a ɗora kan wani abu a ɗakin ƙasa mai sanyi, ba a jingine da bango ba. Kada a haɗa shi da turare ko man shafawa. In madubin mai batir ne, a cire batir ɗin bayan kallo, don ruwansa kan zubo ya ci ƙarfen ciki.

5. Ban da ruwa, ban da yawu, ban da kalanzir. A riƙe faifai ta gefe, a kore ƙura da gashin kaza mai tsabta. Gilashin madubi kaɗai ake gogewa, da ƙyalle mai laushi.

6. A fuskanci ƙofa ko farin bango lokacin kallo. Kada a bar yaro ya ɗaga madubi ya saiti rana, gilashin na tara haske, yana iya yi wa ido lahani.

7. Ku ɗauki naku da salula, wannan ne na fi so ku gwada. Ka zaunar da Baba a kan tabarma, kamar mita 2 daga gare ka, ka roƙe shi kada ya motsa. Ka jingina nauyinka a ƙafar hagu ka ɗauka, ka mayar da nauyin kan ƙafar dama ka sake ɗauka, ba tare da ka karkata wayar ba. A wannan nisan, matsawar kada ta wuce faɗin yatsu huɗu. Masu sana'ar suna bin ƙa'idar ɗaya cikin 30: in abin da ya fi kusa yana mita 3, ka matsa santimita 10. Don haka in dutsen da ya ba Dogon Dutsi sunansa kake son ɗauka daga bakin hanya, sai ka yi taku da dama tsakanin hotunan biyu, kuma ka tabbata babu itace ko akuya a gabanka. A kai wa mai wanke hoto ya buga su a jere, kowanne faɗin santimita 6 zuwa 7, na hagu a hagu. In aka musanya su, hanci zai lotsa ciki, bango ya fito gaba. Ka tsayar da kwali tsakanin hotunan har zuwa hancinka, ka sa tabarau na karatu mai ƙarfi irin na kasuwa, ka saki idanu kamar mai kallon nesa. Rumbu, rijiya da kayan ɗakin amarya duk suna fita da kyau, tunda ba sa motsi.

8. Tsofaffin hotunan ma a kwafe su: a manna kyamarar salula a ramin hagu a ɗauka, sannan a na dama, a tura wa ƴan'uwa biyu ko uku su ajiye.

9. Ku lura da yaron da kullum yake cewa shi bai ga komai ya fito ba, ko yana ganin abu biyu, ko kansa na ciwo da ya leƙa. Kada a ce masa ƙarya yake ko wauta. Mai yiwuwa ido ɗaya ne mai rauni, ko harara-garke ce ke farawa ba a ankara ba. Irin wannan ya fi jin magani tun yaro bai kai shekara 7 ba, saboda haka iya ko baba su kai shi wurin likitan ido ba da jinkiri ba.