Ɗakin Gilashi a Sanyin Ingila: A Toshe Kafin a Kunna Hita

Duk ɗan uwanmu da ya kama haya ko ya sayi gida a Ingila mai ɗakin gilashi a bayansa ya san daɗin wurin a watan Yuni. Nan ake shan shayi, nan yara ke baje kayan wasansu. Da an shiga Nuwamba kuwa sai labari ya sha bamban. Tayil ya ɗau sanyi har ba ya takuwa, gilashi ya yi ta tsiyayar da ruwa. Da yawa sai su sayo hita su kunna tun safe, ranar da takardar kuɗin wuta ta zo a riƙe baki.

Matsalar daga ginin take. Gilashi ba ya riƙe ɗumi. Mai falle ɗaya yana zubar da zafi kusan ninki biyu na mai falle biyu, mai falle biyun ma bai kama ƙafar bangon gida ba. Rufin roba mai haske da aka yi wa tsofaffin ɗakunan ya fi komai ɓarna, tunda zafi sama yake yi. Ɗumama irin wannan ɗaki ba a toshe shi ba ɗibar ruwa ne da kwando.

Don haka fara da toshiya. Ranar da ake iska, bi gefen ƙofa da tagogi da bayan hannunka, duk inda ka ji sanyi na hurowa to robar wurin ta mutu. Ana sayar da irinta mai manne kanta a shagunan kayan gini kamar B&Q, ba ta da tsada, ba sai ka kira ma'aikaci ba. Shimfiɗa darduma mai kauri a kan tayil. Rataya labule mai nauyi, ka buɗe shi da hantsi in rana ta fito, ka ja shi da la'asar, domin a Disamba rana kan faɗi a Landan kafin ƙarfe huɗu. Idan ɗakin na shuke-shuke ne ba na baƙi ba, manna wa gilashin ledar nan mai ƙurajen iska da ake naɗe kaya da ita. Ba ta da kyan gani, amma tana aiki kuma haske na ratsa ta.

Sai ƙofar da ke tsakanin ɗakin da sauran gida. A rufe ta. Wasu kan bar ta a buɗe wai ɗumin falo ya shiga, alhali falon suke sanyayawa. Wasu ma cire ta suke yi don wuri ya ƙara faɗi, ba su san akwai doka ba. A Ingila, ɗakin gilashin da bai kai murabba'in mita 30 ba yana samun sassaucin dokokin gini ne bisa sharaɗin a raba shi da gida da ƙofa mai ƙarfi irin ta waje, kuma abin ɗumama shi ya zama da makunninsa daban. Ɗan haya ya tuntuɓi mai gidan kafin ya taɓa komai.

Game da hita, shawarata ita ce a ɗumama ɗakin lokacin da za a zauna a cikinsa kawai. Hita mai kilowat 2 tana shan yunit biyu a awa. In an ɗauka yunit ɗaya pensi 25 ne, awa takwas fam 4 ke nan a rana, fam 120 a wata, a kan ɗakin da ba kowa ciki. Hita mai mai a cikinta tana jinkirin ɗaukar zafi amma tana daɗewa da shi, ita ta dace da doguwar hira. Mai jan haske kuwa jikin mutum take ɗumamawa kai tsaye, ta fi dacewa da zaman rabin awa. Kowacce ka saya, nemi mai kashe kanta idan ɗaki ya ɗumama, ka jona ta a soket ɗin bango kai tsaye, ka nisanta ta da labule da aƙalla mita ɗaya. Kada a shanya mata kaya a kai. Mai bishiyar lemo a tukunya ba ya buƙatar zafi mai yawa, ya saita hitar kada sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 zuwa 10.

Ruwan da ke taruwa a gilashi a riƙa goge shi da safe, a ɗan buɗe taga na mintoci. In aka bar shi, baƙar fumfuna ce za ta bi kusurwoyi, ita kuma tana tayar wa masu asma da ciwo. Hitar kalanzir da ta tukunyar gas suna ƙara wannan danshi, shi ya sa ban ba da shawararsu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne gawayi. Mun taso muna jin ɗumi a kaskon wuta lokacin hunturu, to amma ɗakin da aka toshe kafofinsa ba wurin garwashi ba ne. Gawayi na fitar da iskar kabon monoksayid, ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya take fara sawa, daga nan sai barcin da ba a tashi. Don Allah kada a shigo da kasko ko murhun gashi cikin ɗakin nan, ko da wutar ta yi kamar ta mutu. A sayi na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska, in ta yi ƙara a fitar da kowa waje nan take.