Lambar da Ke Bin Mai Ciwon Zuciya Duk Inda Ya Je

"Baba, wane aiki aka yi maka?"

"Ɗana, amaliyya dai. Ƙirjin suka tsaga."

Na yi shekaru a ofishin ajiyar fayilolin marasa lafiya na wani asibiti a Khartum, kuma amsar dattawanmu na Mayo da Omdurman ba ta wuce wannan. Alhali tsaga ƙirji iri-iri ne. Aikina shi ne in mayar da rubutun likita zuwa lambobin ICD-10, kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, domin likitan Alƙahira ko na Kano ya gane ko da bai iya Larabci ba.

Dattijon nan sai da ya ɗage wandonsa na gane. Dogon tabo ne daga idon sawu zuwa gwiwa. Nan aka yanko jijiya aka dasa a zuciya, jini ya samu hanyar kewaye wurin da ya toshe, dabarar da René Favaloro ya shahara da ita a Amurka tun 1967. Lambar wanda ke ɗauke da wannan dashe Z95.1 ce. Amma a fayil ɗinsa Z95.5 aka rubuta, wato mai 'yar ragar ƙarfe da ake zurawa ta matsematsi ba tare da an tsaga ƙirji ba. Harafi ɗaya, lamba ɗaya ta bambanta, kuma ni na sa hannu a kan kuskuren wata shida kafin nan.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne a rubuta Z95.1 kaɗai, sai ka ce an rabu da ciwon. Tiyata ba ta wanke maiƙon da ya kama jijiyoyi, don haka I25.1 tana nan daram. Idan akwai ciwon suga nau'i na biyu a ƙara E11, hawan jini kuwa I10. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya a da, I25.2.

Wani rukunin daban ne: waɗanda aka sauya wa ƙofar zuciya, irin aikin da Cibiyar Salam da ke Soba ta fi yi tun buɗe ta a 2007. Tasu Z95.2 ce, kuma mai ƙofar ƙarfe ba ya rabuwa da maganin warfarin har abada. Tabon ƙirjinsu iri ɗaya ne da na Baba, maganinsu ba ɗaya ba.

Tun 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya watsa mutane, fayiloli da yawa sun bi ruwa. Don haka kafin a sallami majinyacinku, ku nemi a rubuta lambobin a takardar sallama, da shekarar aikin, da adadin jijiyoyin da aka dasa. Ku ɗauki hotonta a waya, ku tura wa ɗan'uwa da ke wani gari ta WhatsApp.