Radiyom, abokin zaman iraniyom

Tun 1971 ake haƙo iraniyom a Arlit, arewa da Agadas. Amma cikin dutsen nan akwai wani ƙarfe a ɓoye, wanda ba a cika jin sunansa ba. Ana ce masa radiyom.

Iraniyom ne ke haifar radiyom. Sannu a hankali, cikin shekaru masu ɗimbin yawa, yana rikiɗa, daga cikinsa radiyom ke fitowa. Ba shi da yawa ko kaɗan. Inda aka samu tan 3 na iraniyom, radiyom ɗin bai wuce garam 1 ba.

Wata mace mai suna Mari Kuri da mijinta Piyer ne suka gano shi a birnin Pari, cikin Disamba 1898. A wata tsohuwar rumfa mai yoyo suke aiki. Mari takan wuni tana dama narkakken dutse cikin babbar tukunya da sandar ƙarfe, hayaƙi na shiga idonta. Sai a 1902 ta tace gishirin radiyom, shi ma kashi ɗaya cikin goma na garam. Dubi wannan haƙuri!

Radiyom yana fitar da wani irin haske mai ratsa jiki. Ido ba ya ganinsa, fata ba ta jinsa, amma yana ƙona nama. Likitoci suka ga cewa in aka sa radiyom cikin ƴan allurai, aka soka su a wurin ciwon daji, ƙarin yana motsewa. Mutane da yawa sun samu sauƙi ta haka.

Masu ƙera agogo su ma suka kama shi. Suna gauraya shi da wani gari, su yi fenti mai ƙyalli cikin duhu. A Amurka, daga 1917, ƴan mata ne ke shafa fentin a kan lambobin agogo. An koya musu su riƙa lasar bakin buroshi don ya yi tsini. Ashe guba suke haɗiya. Radiyom in ya shiga jiki, cikin ƙashi yake zama. Haƙoransu suka zube, muƙamuƙansu suka ruɓe, da yawa suka mutu da ƙuruciyarsu. Mari Kuri kanta ciwon jini ya kashe ta a 1934. Har yanzu littattafan aikinta cikin akwatunan dalma ake ajiye su.

Yau an daina fentin nan. Likitoci ma sun koma ga wasu ma'adinai masu sauƙin tsarewa. A Yamai, a 2021, an buɗe sashen gasa ciwon daji da haske a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji. Na'urar da aka fara aiki da ita kobalti ke cikinta.

To, ina radiyom ɗin Nijar yake? In an niƙa dutse aka cire iraniyom, radiyom yakan saura cikin dusar da aka tara kusa da ma'aikata. Daga nan yake sakin wata iska mai suna radon, marar wari, mai cutar da huhu. Mahaƙar Akuta, kusa da Arlit, ta rufe a 2021, amma tudun dusarta na nan. Sai bayan shekara 1600 rabin radiyom ɗin zai ƙare. Shi ya sa ake gargaɗin mutanen Arlit da Akokan kada su gina ɗaki da duwatsun mahaƙa, kada kuma maƙera su yi tukunya da tsohon ƙarfen ma'aikata sai an auna shi.

Tambayoyi

1. Su wane ne suka gano radiyom, kuma a wace shekara?
2. Me ya sami ƴan matan da ke fentin agogo?
3. In akwai garam 8 na radiyom yau, garam nawa zai saura bayan shekara 3200?