Biskit da Katin Barka da Sallah: Abin da Hutu Ya Koya Mini

Kamar yadda kowa ya sani, da zarar an ce saura kwana kaɗan Sallah, ba gidan da mutum zai wuce bai ji ƙamshin suya ba. Wannan gida cincin, wancan dubulan, wani kuma alkaki ko nakiya. Haka nan 'yan'uwanmu Kirista suke yi in Kirsimeti ta matso. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa, biskit suke gasawa a gida lokacin Kirsimeti, su yanka shi siffa-siffa, su raba wa maƙwabta, su kuma aika wa dangi katin gaisuwa. A kan waɗannan abubuwa biyu nake so in yi magana, watau gashin biskit da yin kati da hannu, domin na gwada su a hutun da ya wuce, na sha wuya, na kuma ƙaru.

Yadda na ɓata fulawar Umma

A zangon karatu na biyu malamarmu ta girki ta koya mana gashin biskit a tanderun makaranta. Nawa ya yi kyau ƙwarai, har na ɗauka na zama gwana. Da muka tafi hutu, saura kwana huɗu Sallah, sai na ce wa Umma bana ni zan yi abin tarbar baƙi. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, kin dai san fulawar nan mudu biyu ce, ba kuma wata a bayanta. Da kuɗin adashina na saye ta." Na ce, "Umma, ku bar mini kawai, ai an koya mana."

Littafin da na rubuta awon kayan a ciki na baro shi cikin akwatina a makaranta, amma ban damu ba. Na juye mudu guda a roba, na zuba sukari da ido, na narkar da bota a wuta na tuttula, na yi ta murza ƙullun da iya ƙarfina kamar mai kwaɓin burodi. Ga shi ana azumi, ba halin ɗanɗanawa. Da yake ba mu da tanderu a gida, sai na ɗora tukunya a murhu, na iza itace sosai don in gama da wuri. Kafin minti goma hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Ƙasan biskit ya yi baƙi ƙirin, samansa kuwa ɗanye. Zubi na biyu bai ƙone ba, amma da ya huce sai ya koma kamar tsakuwa. Ƙanena ya ɗauki guda ya ce zai je ya harbi kurciya da shi.

Umma ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Saura mudu guda. In shi ma ya tafi, da ruwan randa za mu tari baƙi ranar Sallah." Wannan magana ta fi mini duka zafi. Da dare na roƙi wayarta, na kira wata ƙawata 'yar ajinmu, ta karanto mini awon daga littafinta. Ga abin da na bi kashegari, ga kuma dalilin kowane abu.

Kayan haɗi da yadda ake kwaɓi

Ana buƙatar fulawa kofi 3, bota kofi 1, sukari kofi 1, ƙwai 1, bekin foda ƙaramin cokali 1, gishiri ɗan kaɗan, da gyaɗar ƙamshi ko garin citta ga mai so. Kofi ɗaya za a yi amfani da shi wajen auna kome, kuma a riƙa shafe bakinsa da bayan wuƙa, kada a yi tozo.

Da farko a tankaɗe fulawa tare da bekin foda da gishiri. A wani kwano dabam a buga bota da sukari da cokalin katako har su yi haske, su yi laushi. Sa'an nan a fasa ƙwan a ciki, a ƙara bugawa. Daga nan sai a riƙa zuba fulawa kaɗan-kaɗan ana juyawa, da zarar ƙullu ya haɗe jikinsa sai a tsaya. A rufe shi a ajiye a wuri mai sanyi, kamar gindin randa, na rabin sa'a. Bayan haka a barbaɗa fulawa a kan tire, a murza ƙullun da kwalba mai tsabta har kaurinsa ya kai kamar rabin santimita, a yanka da bakin kofi, a tsattsaga samansa da cokali mai yatsu.

Wanda yake da tanderu sai ya sa zafinsa a digiri 180, ya gasa minti 10 zuwa 12. Wanda ba shi da shi kuwa, kada ya damu. A sami babbar tukunya mai kauri, a zuba yashi wankakke busasshe a ƙasanta, a rufe, a ɗora a kan garwashin gawayi kamar minti 15 don ta ɗauki zafi. A jera gwangwanayen madara uku a kan yashin, a ɗora faranti da aka shafa wa bota a kansu, a jera biskit da 'yar tazara tsakaninsu, a rufe. In aka zuba ɗan garwashi a kan murfin, sama da ƙasa za su nuna tare. Gashin tukunya yakan ɗan fi na tanderu daɗewa, saboda haka a riƙa dubawa. In gefen biskit ya soma ja-ja, to, ya yi. A lura, a fili ake wannan aiki, domin gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya kisa a rufaffen ɗaki. A kuma nisantar da yara daga yashin, don ya fi ƙarfin wasa.

Kurakuraina biyar

Na farko, rashin awo. Miya tana yafe wa mai zuba kaya da ido, amma biskit ba ya yafewa. In fulawa ta yi yawa sai ya bushe, in sukari ko bota suka yi yawa sai ya baje a faranti.

Na biyu, yawan murza. A cikin fulawar alkama akwai wasu sinadarai waɗanda in suka jiƙe aka kuma murza su, sai su sarƙe su zama abu mai danƙo da ake kira gulutin. Mai burodi yana son wannan danƙon, shi ya sa yake murza ƙullunsa da kyau. Mai biskit kuwa ba ya sonsa, domin shi ne ya mai da nawa tsakuwa.

Na uku, narkar da bota. Lokacin da ake buga bota da sukari, 'yan ƙananan kumfar iska suna shiga ciki, su ne suke taimaka wa biskit ya yi garas-garas. Narkakkiyar bota ba ta riƙe iska. Saboda haka in lokacin zafi ne, gara a yi kwaɓi da sassafe.

Na huɗu, wuta mai harshe. Hausawa sun ce garaje ba ƙarfi ba ne. Harshen wuta yana ƙona ƙasa tun zafi bai ratsa ciki ba. Amfanin yashi shi ne ya tare zafin, ya riƙa sakinsa a hankali.

Na biyar, wanda ya fi duka muni, shi ne na kwaɓa mudu guda gaba ɗaya ban gwada ba. A karo na biyu kofi uku kawai na kwaɓa, na soma gasa guda uku rak, na jira aka sha ruwa Umma ta ɗanɗana ta ce ya yi, sa'an nan na ci gaba da sauran.

Akwai kuma abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. Bekin foda yakan mutu in ya daɗe ko ya sha laima. A gwada shi tukuna: a zuba rabin cokali cikin ruwan zafi, in ya yi kumfa yana da rai. Kumfar nan iskar kabon ce da muke karantawa a darasin kimiyya, ita ce take kumbura ƙullu. Wani mai haɗa magunguna a Ingila, Alfred Bird, shi ya haɗa irin wannan hoda a shekarar 1843, saboda yis ba ya karɓar matarsa. Abu na biyu, kada a rufe biskit da zafinsa, domin tururi zai sa ya yi sanyi. A bari ya huce sarai, sa'an nan a zuba a gwangwani mai murfi.

Katin gaisuwa

Abin mamaki, a wannan shekara dai ta 1843 ne wani Bature a Landan mai suna Henry Cole ya sa wani mai zane, John Horsley, ya zana masa katin gaisuwar Kirsimeti. Aka buga guda 1,000, aka riƙa sayar da kowanne sule ɗaya. Shi ake ɗauka katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa. Shekara uku kafin nan, watau a 1840, aka fito da kan sarki a Ingila, aika wasiƙa ya yi araha, wannan ya taimaka wa al'adar ta yaɗu. Iyayenmu sukan ba mu labarin yadda a zamaninsu ɗalibai suke aika wa juna katin Barka da Sallah ta gidan waya. Yanzu kuwa saƙo ɗaya mutum yake turawa ta waya ga mutum hamsin, wani lokaci ma bai karanta abin da ke ciki ba.

Yin kati ba wuya, ba kuma tsada. Ana buƙatar farin kwali ko bangon tsohon kalanda, rula, almakashi, fensir, da abin launi. In ba gam, a jiƙa ƙaro cikin ɗan ruwan ɗumi, yana liƙe takarda sosai. In ba kala, ruwan zoɓo mai kauri yana ba da ja, kurkum kuma yana ba da rawaya.

A yanka kwali mai tsawon santimita 20 da faɗin 15. A ɗora rula a tsakiya, a ja layi da bayan almakashi kafin a ninka, don kada kwalin ya karye. A zana ado da fensir tukuna, in ya yi daidai sa'an nan a bi da biro. Ba sai an iya zane ba. Dagin Arewa, ko jinjirin wata, ko irin zanen da ake yi a bakin hula, duk sun isa. Ana kuma iya yanka ragowar atamfar ɗinkin Sallah a liƙa a gefe. Kada a cika ado har a rasa wurin rubutu, kuma a bari launi ya bushe kafin a rufe.

Babban abu a kati shi ne rubutun ciki. A rubuta gaisuwar a wata takarda tukuna, a gyara kuskure, sa'an nan a kwafa. A ambaci wanda ake aika wa yadda ake kiransa a gida, a faɗi wani abu wanda shi kaɗai ya shafa, a sa kwanan wata. Kati uku na yi. Na Kaka, wadda take ƙauye, da ajami na rubuta shi, domin ba ta karanta boko, Baba ne ya duba mini baƙaƙen. Na biyu na ƙawata da ta cece ni da awo. Na uku kuwa na Umma ne. A ciki na rubuta, "Umma, Barka da Sallah. Ku gafarce ni saboda mudun fulawarku. Na gane cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba." Na ɗora shi a kan gwangwanin biskit na kai mata da safiyar Sallah. Ta karanta, ta yi murmushi ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Baɗi ma ke za ki yi, amma da littafinki a hannu."

Biskit ɗin bai kai yawan da muka so ba, tun da rabin fulawa ya tafi, sai da muka riƙa ba baƙi bibbiyu. Amma ba wanda ya shigo ya fita bai ɗanɗana ba. Da muka je gaida Kaka bayan Sallah, sai na tarar ta soke katinta a jikin jeren kwanoninta, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa ta ce jikarta ce ta yi. Kyauta dai ba ta kaɗan.

Kammalawa

'Yan'uwana, darasin da na koya shi ne, aikin hannu yana son awo da haƙuri da gwaji, kuma kayan da muke wasa da su da gumin iyayenmu aka saye su. Ina roƙon iyaye su riƙa ba mu dama mu gwada abin da aka koya mana, amma su soma mu da kaɗan. Ina kuma roƙon shugabar makaranta da malamanmu, in zai yiwu, a shirya mana gasa tsakanin gidajen kwana kafin hutu mai zuwa, kowane gida ya gasa biskit a tukunyar yashi, ya kuma yi kati guda. Ta haka kowa zai yi kuskurensa a nan makaranta, ba a kan fulawar mahaifiyarsa ba. Allah ya maimaita mana, amin.

Daga wata ɗalibar aji biyar