Hadisin Itbanu Ɗan Maliku Da Haƙƙin Naƙasasshe A Tambaye Shi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya bambanta bayinsa a wajen ji da gani da ƙarfin jiki, bai kuwa sanya wannan ya zama ma'aunin daraja a wurinsa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako yana kan hadisin Itbanu ɗan Maliku, Allah ya yarda da shi, wanda Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, Buhari da Muslim kuma suka ruwaito shi da tsawo. Shi Itbanu mutumin Madina ne daga Banu Salim, yana cikin waɗanda suka halarci yaƙin Badar, shi ne kuma limamin mutanensa. Ana nan sai ganinsa ya yi rauni. Tsakanin gidansa da masallacin kuwa akwai wani kwari wanda idan an yi ruwan sama ya kawo, ba shi da ikon ƙetarewa. Sai ya kai kukansa wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙe shi ya zo gidansa ya yi salla, domin ya riƙi wurin nan masallaci. Annabi ya amsa masa. Washegari da hantsi sai ga shi tare da Abubakar Siddiƙu. Da aka yi masa izinin shiga bai ko zauna ba, sai ya tambayi Itbanu a wane wuri ne cikin gidan yake so a yi sallar. Itbanu ya nuna wata kusurwa, Annabi ya tsaya a nan ya yi kabbara, suka yi sahu a bayansa, ya yi raka'a biyu ya sallame.

Malaman fiƙihu sun ciro hukunce-hukunce masu yawa daga wannan hadisi, kamar halaccin limancin makaho, da yin nafila cikin jam'i, da barin zuwa masallaci saboda ruwa da duhu. Amma tambayar nan da Annabi ya yi ita ce aka fi tsallakewa a wajen karatu. Ga wanda aka yi wa wahayi, mafi sanin alƙibla da tsarki da wurin da ya dace da salla, ya shiga gidan makaho, amma ya tsaya jiran mai gida ya zaɓa. Mai sanin Larabci zai lura cewa fi'ilin da aka yi tambayar da shi daga tushen "hubbu" yake, watau so da ƙauna. Abin da ransa yake so aka tambaye shi. Hikimar kuwa a fili take, domin bayan baƙi sun watse Itbanu ne zai riƙa lalubawa zuwa wurin nan sau biyar a yini, shi ya san inda ƙafarsa ta saba da inda zai yi tuntuɓe da tulu.

Wani makaho kuma, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda farkon Suratu Abasa ya sauka a kansa, ya nemi sauƙi ya riƙa salla a gida saboda rashin ɗan jagora. Annabi ya tambaye shi ko yana jin kiran salla, da ya ce yana ji sai aka umurce shi ya amsa. Makafi biyu ke nan, amsa biyu. Malamai sun yi magana mai tsawo wajen haɗa hadisan, abin da yake bayyane dai shi ne ba a yi musu kuɗin goro ba, an dubi halin kowanensu. Shi wannan Abdullahi ladan ne tare da Bilal, kuma ba sau ɗaya ba Annabi ya wakilta shi a Madina yana yi wa mutane limanci idan an fita yaƙi.

Labarin Amru ɗan Jamuhu ya fi kusa da abin da ke faruwa a gidaje. Dattijo ne mai tsananin gurgunta, yana da 'ya'ya huɗu jarumai. Da za a fita Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira, sai 'ya'yan suka so su tsare shi a gida, hujjarsu kuwa ita ce Allah ya ɗauke masa. Gaskiya suka faɗa, Annabi ma ya tabbatar masa da cewa yana da uzuri, amma ya juya ga 'ya'yan ya nuna musu kada su hana shi. Ya fita ya yi shahada. Sauƙin da shari'a ta ba mai lalura nasa ne, in ya so ya karɓa. Ba sanda ba ce da aka miƙa wa dangi su kore shi da ita daga makaranta ko kasuwa ko aure, suna cewa tausayinsa suke ji.

Haka nan Abdullahi ɗan Abbas ya nuna wa Aɗa'u ɗan Abu Rabaha wata mata baƙa mai farfaɗiya, ya ba shi labarin cewa Annabi ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna ko addu'ar samun lafiya. Ta zaɓi haƙuri, amma ta roƙi abu guda, a yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana idan ciwon ya tashi, aka kuwa yi mata. Da likita ko dangi aka tambaya, da faɗuwar za su ambata. Ita kuwa abin da ya fi ci mata rai daban ne, kuma ba mai saninsa sai ita. Shi kansa Aɗa'u da aka ba labarin, masu tarihi sun ce gurgu ne mai ido ɗaya, daga baya ya makance, ga shi kuwa shi ne muftin Makka a zamaninsa.

To, ina wannan sunna take a yau? Alhamdu lillahi, Musulmi ba su da rowa wajen sadaka. Sai dai sau da yawa attajiri ko kwamitin zakka yakan sayo kekunan guragu ko buhunan hatsi a tara mutane a raba, ba a tambayi ko ɗaya ba. Wataƙila wannan jari yake so ya ci gaba da ɗinkin takalma, wancan kuɗin makarantar ɗiyarsa ne ya hana shi barci, wancan kuma rairayin unguwarsu ba ya barin keke ya motsa. Kwamitin masallaci yakan kashe dukiya a kan hasumiya, a bar matakala mai tsawo a ƙofa da wurin alwala mai santsi, gurgu ya yi sallarsa a waje wurin takalma. Kurma yakan shekara yana zuwa Jumma'a bai san abin da liman ya faɗa ba, alhali akwai masu iya maganar hannu da za a tsayar su fassara huɗuba. A Nijeriya an sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairu na 2019, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a. Abin kunya ne a ce sai doka ce za ta tuna wa masallaci.

Mafi nauyi shi ne sha'anin dukiya. Akan raba gado, sai wa ko kawu ya riƙe rabon makaho ko kurma da sunan adana masa, ya riƙa ba shi abin da ya ga dama. A mazhabar Malikiyya makanta da gurgunta da kurumta ba sa cikin dalilan da ake hana baligi mai hankali sarrafa dukiyarsa. Cinikin makaho ya inganta idan an siffanta masa kayan, ana karɓar shaidarsa a kan abin da ya ji, ishara mai fahimtuwa kuma tana tsayawa a matsayin magana ga bebe a wajen ciniki da aure. Wanda ya riƙe dukiyar irin waɗannan ba da yardarsu ba, amana ce ya ci, sai ya mayar.

Wanda hankalinsa ya taɓu kuwa, lalle shari'a ta sanya masa waliyyi, amma walicci bai ɗauke wajibcin sauraro ba. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mata mai raunin hankali ta ce wa Annabi tana da buƙata a wurinsa. Ya kira ta da alkunya, ya bar mata zaɓin hanyar da take so su tsaya cikin hanyoyin Madina, ya tsaya da ita har ta gama faɗin buƙatarta.

Allah ne Mafi sani.